Saƙon da Ya Shiga Wayar Mamaci

Shekaru sun ɗan ja yanzu, kuma na yi ayyuka da yawa a wannan sana'a tamu ta rubuta manhaja, wasu ko sunansu ba na iya tunawa. Amma abin da ya same ni a daminar da na gaji manhajar wata ƙungiyar masu ba da jini a nan cikin Katsina, wannan kam ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi.

Lokacin ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Ina zaune a gidanmu da ke Ƙofar Durbi, ina ɗan karɓar ƙananan ayyuka ina yi daga ɗaki. Gaskiya ina ji da kaina a lokacin. Na fito da sakamako mai kyau daga jami'a, na san sababbin hanyoyin aiki, kuma a ganina duk wanda ya riga ni shiga harkar nan tsohon yayi ne.

Ƙungiyar ta 'yan sa-kai ce. Mutum zai zo ya ba da sunansa da rukunin jininsa da unguwarsa da lambar waya. Idan an kwantar da mara lafiya ana neman jini, sai wani daga cikin 'yan ƙungiyar ya shigar da buƙatar, manhajar ta zaɓo waɗanda jininsu ya dace, ta tura musu tes. Wanda ya rubuta ta wani malamin lissafi ne a makarantar sakandare, wanda ya koya wa kansa aikin. Shekara huɗu yana riƙe da ita shi kaɗai saboda Allah, kowa kuma Malam yake ce masa. Wata biyu kafin in shigo cikin maganar, hawan jini ya kayar da shi a gaban allo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke sai kaɗan. Manhajar ta ci gaba da aiki ita kaɗai, har ranar da kamfanin da ke isar da tes ɗin ya canza tsarinsa. Daga ranar ko saƙo ɗaya bai ƙara fita ba.

Shugabar ƙungiyar wata Hajiya ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, kuma ƙawar mahaifiyata. Da kanta ta zo gidanmu wata safiya. Bayan sun gama doguwar gaisuwarsu da Mama, an tambayi yara da jikoki da masu jiki, sai ta juyo wurina.

"Ɗiyata, an ce wannan shi ne karatunki. Kwana tara ke nan muna bin mutane da kiran waya ɗaya bayan ɗaya. Jiya sai da muka kira mutum kusan talatin kafin mu samu guda. Za ki iya duba mana?"

Na ce, "Hajiya, in sha Allahu ba zai wuce kwana biyu ba."

Ko ganin abin ban yi ba na faɗi haka. Yanzu idan na tuna, kunya nake ji.

Bari in ɗan yi bayani don wanda ba aikinsa ba ne. Mu masu rubuta manhaja muna da wurin ajiye aikinmu, muna ce masa rifo, wato ma'ajiya. Duk canjin da mutum ya yi, komai ƙanƙantarsa, yana ajiye shi a ciki tare da ɗan bayanin abin da ya canza da dalilinsa, ma'ajiyar kuma ta riƙe ranar. Ta haka ake iya komawa baya a ga yadda aiki ya taso tun daga farko. Ma'ajiyar tana da kwafi biyu, ɗaya a kwamfutar mai aikin, ɗaya a intanet, kuma ta intanet ba ta sanin an yi wani canji sai mai aikin ya tura mata. Ban da waɗannan akwai saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta kullum.

Sakataren ƙungiyar ya ba ni wata takarda da Malam ya taɓa ba shi ajiya tun tuni, mai ɗauke da kalmomin sirrin shiga ma'ajiyar intanet da saba. Na sauko da aikin, na buɗe, na fara taɓe baki. Sunayen fayiloli rabi Hausa rabi Turanci. Wani fayil guda ya yi tsawon da sai yatsa ya gaji da gungurawa. Na ce a raina, wannan ai aikin ɗan koyo ne, da na samu lokaci rushe shi zan yi gaba ɗaya in sake sabo.

Abubuwa biyu na gani da idona a ranar, kuma duka biyun na wuce su. Na farko, ajiyar ƙarshe da ke cikin ma'ajiyar intanet ta haura shekara. Maimakon in tambayi kaina ko mutumin da ke kula da abu kullum zai shekara bai taɓa shi ba, sai na ce ai dama shi ya sa ta lalace. Na biyu, a cikin kundin sunayen masu ba da jini akwai wani gurbi a gaban kowane suna mai taken "dakata". Wasu an cike musu, wasu babu komai. Na bincika duk rubutun manhajar da ke hannuna, ban ga inda ake amfani da gurbin ba. Na ce tarkace ne irin na masu koyo.

Na gyara ɓangaren tes ɗin cikin kwana biyu kamar yadda na yi alkawari. Sannan na shiga saba, na share rubutun manhajar da ke kai, na ɗora nawa. Kundin sunaye ban taɓa shi ba, amma abin da na share ɗin ban ajiye kwafinsa ba. A tunanina ai iri ɗaya ne da wanda na sauko da shi, me zan ajiye?

Saƙo ya fara fita. Hajiya ta kira ni tana sa mini albarka, Mama ta ba maƙwabta labari. Kwana uku ina yawo kaina a sama.

A rana ta huɗu ƙorafi ya fara shigowa. Wani ya kira ya ce satin da ya wuce ya ba da jini, yaya kuma za a sake nemansa? Wata mai juna biyu ta ce ta sanar tun watanni a cire ta. Aka nemi jinin mutum ɗaya, sai ga mutane sun cika ƙofar asibiti, aka sallame su suka tafi suna mita. Duk wannan na ɗauka ƙananan abubuwa ne da zan daidaita a hankali.

Ranar Litinin da hantsi ina ofishin ƙungiyar, wani ɗan shago ne mai teburi ɗaya da benci, ni da Hajiya da sakatare, sai ga sallamar wani dattijo. Ya kai shekara saba'in, da farar riga da ta sha wanki, gefenta ya jiƙe da ruwan da aka yi da safe. Hajiya ta ba shi wuri, suka gaisa sosai, ya amsa komai da "lafiya lau" kamar ba abin da ya kawo shi. Sai da aka gama ya sa hannu a aljihu ya fito da wata ƙaramar waya, ya ajiye a kan teburin.

Ya ce, "Hajiya, wata biyar ke nan da na tako da ƙafata na zo nan na shaida maku ɗana ya rasu. Ke da kanki kika rubuta, kika yi mani ta'aziyya. Wayar tashi uwar ce ta riƙe, ba ta yarda a kashe layin ba. Jiya tana zaune wayar ta yi ƙara, ƙanwarshi ta karanta mata. An kira sunanshi, an ce ya hanzarta ya zo asibiti ya ceci rai."

Ya gyara hularsa. "Tun jiya ba ta ci abinci ba. Ni ba faɗa na zo yi ba. Na zo in roƙe ku don Allah ku bar mu haka nan."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Hajiya ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, na riga ta. Na durƙusa na ce, "Baba, ba Hajiya ba ce, ba ƙungiya ba ce. Ni ce na taɓa na'urar. Laifina ne, ka yafe mini."

Ya dube ni, ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ɗiyata." Ya ɗauki wayar ya mayar aljihu, ya yi sallama ya fita. Da ya zage ni, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

Yana fita na buɗe kundin na nemo sunan yaron. A gabansa, cikin gurbin nan da na kira tarkace, an rubuta "ya rasu". Nan take na gane komai. Malam ya ci gaba da aiki duk tsawon shekarar nan, yana ɗora gyare-gyarensa kai tsaye daga kwamfutarsa zuwa saba, bai dai tura wa ma'ajiyar intanet ba. Abin da na sauko da shi tsohon kwafi ne. Aikin shekara guda na bawan Allah, shi na share da hannuna.

Na dakatar da tura saƙo a take. Washegari shugabannin ƙungiyar suka zauna, aka kira ni. Wani Alhaji daga cikinsu ya ce a haƙura da manhajar nan, a koma littafi da kiran waya, in ya so daga baya a nemo wasu ƙwararru daga Kano su gina sabuwa. Ba wanda ya ga laifinsa, har ni. Amma na san abin da komawa littafi yake nufi, domin na ji Hajiya ta faɗa: kira talatin kafin a samu mutum ɗaya, mara lafiya kuma yana kwance yana jira. Na kuma san ko wa aka ɗauko, zai fara ne daga inda na fara, bai san abin da Malam ya sani ba.

Na ce, "Alhaji, ni na ɓata, ku bar ni in gyara. Ku ba ni sati biyu. Ba zan bar saƙo ko ɗaya ya fita ba sai kun gani da idonku kun yarda. Kafin nan kuma ku sa ni cikin masu kiran waya."

Alhaji ya ce, "Wancan karon ma kwana biyu kika ce."

Na ce, "Haka ne. Wancan karon ban tambayi kowa komai ba."

Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce a ba ni, amma ita ce za ta riƙa duba ni. Daga ranar na raba yinina biyu. Da safe ina ofis da littafi da waya ina kiran mutane, in ji wannan yana Funtuwa, wancan wayarsa a kashe. Da yamma kuma ina neman aikin da na share.

Wuri ɗaya ne kawai ya rage inda zai iya kasancewa, wato kwamfutar Malam. Hajiya ta yi mini kwatancen gidansa a Gobarau, cikin wani lungu da ko Keke Napep ba ya shiga. Na je bayan la'asar, ina tsallake kwatoci da suka cika da ruwan sama. Matarsa ta tarbe ni, mace mai fara'a duk da gajiyar da ke fuskarta. Anti nake ce mata. Malam yana zaune a kan katifa a tsakar gida, an jingina shi da filo, hannun damansa yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Bai kai shekarun da na zata ba. Na gaishe shi, na yi masa ya jiki, ya ɗaga hannun hagu.

Na yi niyyar in ce kawai ina buƙatar kwamfutar don wani ɗan gyara. Da na ga idonsa sai na kasa. Na gaya masa komai, tun daga sharewar har zuwan dattijon. Ya rufe ido, ya daɗe a haka. Ina jiran ya juya mini baya. Da ya buɗe, sai ya dubi matarsa ya nuna ɗaki da haɓarsa.

Anti ta fito da kwamfutar a naɗe cikin zane. Tun ranar da ya faɗi ba wanda ya taɓa ta. Muka sa mata caji, ta kawo haske, ta nemi kalmar sirri. Malam ya miƙa yatsan hagu ya danna wasu haruffa, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, bakinsa yana motsi babu abin da ke fita. Shekaru yana buga kalmar nan da hannu biyu ba tare da tunani ba, yanzu hannu ɗaya ya tafi, kalmar kuma ta ƙi zuwa bakinsa. Anti ta ce, "Ya isa haka yau, kar jinin ya hau." Na naɗe kwamfutar na miƙa mata, na ce gobe zan dawo.

Wani abokin karatuna ya ce in kawo ta kasuwa a fasa makullin. Na ƙi. Ban san yadda Malam ya kulle ta ba, kuma na riga na yi ɓarna sau ɗaya saboda gaggawa. Ban da haka, kayan mutum ne, yana raye, yana kallona.

Rana ta biyu ba mu samu komai ba. Rana ta uku Anti ta kawo takarda da fensir, ya riƙa zana haruffa da hagu, a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ya yi uku ya tsaya. Muka zuba wa takardar ido. Na kawo sunayen 'ya'yansa, yana girgiza kai. Can sai Anti ta tafa hannu.

"Malam, ba garin su Inna ba ne?"

Sunan ƙauyen da aka haifi mahaifiyarsa ne. Ya gyaɗa kai da ƙarfi, har da wata 'yar dariya ta gefen baki. Sauran lambobi huɗu ya nuna mana su da yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Na buga a hankali, kwamfutar ta buɗe. Anti ta yi hamdala da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga.

Kafin in taɓa komai, sai da na kwafe ma'ajiyar gaba ɗaya a wuri biyu. Sannan na buɗe tarihinta. Aikin shekarar nan duka yana nan, ajiya bayan ajiya, kowace da bayaninta cikin Hausa. Na zauna a kan tabarmar Anti ina karantawa. Wata ta ce, "Wanda ya ba da jini a bar shi ya huta wata uku." Wata ta ce, "Mai ciki da mai shayarwa a dakata musu har su ce sun shirya." Wata kuma, "Mai lambar nan ya ce matarsa ce ke riƙe da wayar da rana, a riƙa sa sunansa a farkon saƙo." Kowane layi da na gani a matsayin hargitsi, ashe akwai mutumin da ya sa aka rubuta shi.

Sai na iso kan wata da ta tsayar da ni. Ga abin da ya rubuta: "Yau wata uwa ta kira ni tana kuka. Ɗanta ya rasu, saƙonmu ya shiga wayarsa. Laifina ne, ban yi tunanin haka ba. Daga yau wanda aka rubuta ya rasu ba za a ƙara tura masa ba."

Na ɗago na dube shi. Ashe shi ma ya taɓa zama inda na zauna. Ya ji zafin, ya toshe ramin, ya rubuta don kada wani ya sake faɗawa, ni kuma na zo na buɗe shi saboda ban karanta ba. Na karanta masa bayanin da ƙarfi. Ya gyaɗa kai, ya nuna ƙirjinsa, sannan ya nuna ni, ya ce, "Gyara." Ita ce kalma ta farko da na ji daga bakinsa.

Aikin da ya rage shi ne haɗa nasa da nawa. Shi yana da duk ƙa'idojin, ni ina da sabon ɓangaren tes, kuma a wurare da yawa mun taɓa layi ɗaya, dole a zaɓi wanda za a bari. Da ni ce ta da, da nawa zan zaɓa ko'ina. Wannan karon kullum da yamma sai in tafi Gobarau, in zauna kusa da katifarsa, in karanta masa wurin da muka saɓa, ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Idan ya gaji Anti ta kore ni, in dawo washegari.

Akwai wuri ɗaya da muka yi gardama, in dai za a kira wannan gardama. Ya tsara manhajar ta tura wa mutum goma kawai da farko, mafi kusa da asibitin, ta jira minti goma sha biyar, idan ba wanda ya amsa sannan ta tura wa goma na gaba. Ni kuwa gani nake ɓata lokaci ne, rai ake nema, a tura wa kowa lokaci guda mana. Na ce zan cire. Ya girgiza kai har filon ya zame. Ya yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, da ƙyar ya haɗa: "Sun zo... an kore su... gobe... ba su zuwa."

Sai na tuna mutanen da suka cika ƙofar asibiti a satin da na yi ɓarnata. Mutum ya rufe shagonsa, ya hau mashin ya zo, a ce masa an riga an samu. Sau biyu za a yi masa haka, na uku ko ya ga saƙon ba zai motsa ba. Malam ya san mutanen garin nan, ni kuwa na'ura kawai na sani. Na bar layin yadda yake, na ƙara masa bayani a sama don wanda zai zo bayana.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Da na gama, ban ɗora a saba ba. Na yi kundin gwaji da lambobin mutanen gidanmu da na Hajiya da na sakatare, na sa wa wannan "ya rasu", wancan "mai ciki", wancan "ya bayar jiya". A gaban shugabannin ƙungiyar na shigar da buƙatar ƙarya, muka jera wayoyi a kan teburi. Waɗanda ya kamata su yi ƙara suka yi, sauran suka yi shiru. Alhaji ya ce a sake. Na sake, ya canza sunayen da kansa, na kuma sakewa. Sai a karo na uku ya ce, "To, Bismillah."

A ranar na ɗora aikin a saba, na kuma tura komai zuwa ma'ajiyar intanet, aikin Malam na shekara guda da sunansa a kan kowace ajiya, da nawa a bisa. A bayanin ajiyata ta ƙarshe na rubuta abin da na yi ba tare da kwaskwarima ba: na share saba ban ajiye kwafi ba, saƙo ya shiga wayar mamaci, kada wanda ya zo bayana ya ɗora komai sai ya gwada abin da ke saba da abin da ke ma'ajiya. Na rubuta takardar bayani da Hausa, na ba Hajiya da sakatare kowa kwafi da kalmomin sirri.

Kwana biyu bayan haka, ana gab da azahar, Hajiya ta kira ni muryarta a sama. An kawo wata mata daga Batagarawa, ta haihu a gida jini ya ɓalle mata, kuma jininta irin mai wuyar samun nan ne da ake kira O nagetif. Mijinta da 'yan'uwanta duk an gwada, babu wanda ya dace. Sakatare ya shigar da buƙatar. Ina ɗakina na buɗe kwamfuta ina kallon abin da manhajar ke yi. Masu irin jinin a kundinmu ba su da yawa. Ta tsallake biyu da ke hutu, ta tsallake ɗaya mai shayarwa, ta tura wa rukunin farko.

Minti biyar babu amsa. Minti takwas babu. Hannuna yana kan madannai, zuciyata tana ce mini in tsallake jiran nan in tura wa duk wanda ya rage, har da masu hutun. Na san yadda zan yi, layi ɗaya ne. Na janye hannuna na sa a ƙarƙashin cinyata, ina ta salati. A minti na goma sha ɗaya amsa ta shigo daga wani tela: "Ga ni nan tafe." Ko minti biyu ba a ƙara ba wani ɗan acaba ya amsa shi ma, ya ce yana kusa da asibitin. Jini leda biyu ake nema, mutum biyu suka zo, manhajar ta rufe buƙatar ba ta tayar da kowa ba.

Bayan la'asar Hajiya ta sake kira. Ta ce, "Ɗiyata, ta farfaɗo. Har ta karɓi jaririyar." Na ajiye wayar na yi kukan da ban yi ba tun ranar da abin ya faru. Da na share fuskata na ɗauki mayafi na tafi Gobarau, don ban ga wanda ya fi cancanta ya fara jin labarin ba.

Malam bai koma aji ba, amma maganarsa ta dawo da sauƙi-sauƙi, har ya kai yana tsokanata da cewa na cika gaggawa. Shekara uku na riƙe manhajar. Ban rushe ta ba kamar yadda na yi niyya da farko. Na riƙa gyara ta gaɓa-gaɓa, kuma ban taɓa cire layi ba sai na nemo dalilin da ya sa aka rubuta shi. Da aiki ya yi mini yawa na miƙa wa wasu mutum biyu, muka yi wata guda muna karanta tarihin tare kafin in sakar musu.

Abin da na koya shi ne, duk aikin da ka gada, wani ya sha wahala a kansa kafin ka zo, kuma yawancin abin da kake gani kamar shirme amsa ce ga wata matsala da kai ba ka taɓa gani ba. Ka karanta, ka tambaya, ka ajiye kwafi kafin ka taɓa. Idan kuma ka yi kuskure, ka tsaya ka gyara da kanka, sannan ka rubuta shi a inda na bayanka zai gani, ko da kunya za ta kama ka. Kunyar da za ka ji ba ta kai hawayen uwar da za a sake tayar wa da mikin ɗanta ba.